Yawo a Kufan Birnin Rum: Wa Ya Cinye Duwatsun?

 Yau za mu ƙetare hamada, mu ƙetare teku, mu sauka a ƙasar Italiya, a babban birninta Roma, wanda littattafan malamanmu ke kira Rum. Rumawan da aka ambata a cikin Alƙur'ani mai girma su ne na ɓangaren gabas, waɗanda fadarsu take a birnin da ake kira Istanbul a yau, amma tushen daular tasu daga nan ya tsiro, a gefen Kogin Tiber, a kan tuddai bakwai. Su kansu Rumawan sun ce an kafa birnin a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Miliyoyin mutane ne ke zuwa kallon kufansa kowace shekara. Akasarinsu suna ɗaukar hoto su wuce. Mu kuwa za mu tafi da tambaya ɗaya a baki: cikin waɗannan gine-gine, me ya sa wasu suka zama kango, wasu kuma suna nan tsaye da rufinsu kamar jiya aka gama su?

Mu fara da inda kowa ke farawa, wato Kolosiyam. Da ka fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ga shi nan a gabanka ya tare sararin sama. Tsayinsa ya kai mita 48, tsawonsa mita 189, faɗinsa mita 156. Sarki Besfasiyan ne ya fara gina shi wajen shekara ta 72 Miladiyya, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 da wasanni na kwana 100. A wurin da aka gina shi, da can wani tafki ne da Sarki Nero ya haƙa wa kansa a tsakiyar fadarsa. Sabon sarki ya janye ruwan, ya gina wa talakawa gidan kallo a gurbin, don jama'a su ga bambancinsa da wanda ya gabace shi. Siyasa ce, kuma ta yi aiki.

Gidan yana ɗaukar mutum kusan 50,000. Ƙofofinsa 80 ne, kuma 76 daga cikinsu suna da lamba. In ka zagaya ta gefen arewa ka ɗaga kai, har yau za ka ga lambobin a sassaƙe a saman ƙofofin. Kowa ya san ƙofarsa, kowa ya san matsayinsa: dattawan majalisa a ƙasa kusa da fili, masu hali a bayansu, talakawa da mata can ƙololuwa. In rana ta yi zafi, sojojin ruwa ne ake kawowa su ja igiyoyi su shimfiɗa wata ƙatuwar rumfar yadi a saman 'yan kallo. A ƙarƙashin filin kuma akwai ɗakuna da lunguna da na'urorin ɗagawa, waɗanda ke fito da namun daji tsakiyar fili ba zato ba tsammani.

To amma, mai sauraro, kada kyan gini ya mantar da kai abin da aka gina shi dominsa. Gidan zubar da jini ne. Ana haɗa bayi da fursunonin yaƙi su yi ta sara da suka har wani ya faɗi, ana jefa wa zakuna waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, jama'a na sowa. Marubucin tarihi Kasiyas Diyo ya ce a bikin buɗewa kaɗai an kashe dabbobi 9,000. Da yawa daga cikin zakunan da damisoshi da giwaye da jiminu, daga Afirka ta Arewa aka yi ta kwaso su shekara da shekaru. Kuɗin ginin ma ganima ce, daga abin da aka kwaso a Birnin Ƙudus lokacin da Titus ya rushe shi a shekara ta 70. In ka taka kaɗan zuwa ƙofar nasara ta Titus, za ka ga hoton sojoji a sassaƙe a jikin dutse suna ɗauke da fitila mai rassa bakwai da suka ɗauko daga wurin ibadar Yahudawa. Ni dai ina ganin duk wanda ya shiga wurin nan ya kamata ya rage murya, domin ƙasar da yake takawa ta sha jinin mutanen da ba su zaɓi zuwa can ba.

Yanzu matso kusa da bangon. Za ka ga duk jikinsa ramuka ne, ɗaruruwa, kamar an bi shi da tsinke. Baƙi da yawa suna zaton harsashi ne ko ɓarnar yaƙi. Abin da ya faru shi ne, maginan Rum ba su haɗa waɗannan manyan duwatsu da kwaɓi ba, da ƙarfe suka ɗaure su, ƙarfen da aka ƙiyasta ya kai tan 300. Da daula ta faɗi, ƙarfe ya yi tsada, sai mutanen gari suka bi kowace mahaɗa suna fasawa suna zare shi. Kowane rami da ka gani, wani ne ya zauna da guduma da kurfi ya cire ƙarfe ya kai wa maƙeri. Da aka zare masa jijiya, sai girgizar ƙasa ta shekara ta 1349 ta zo ta kayar da bangon kudu. Daga nan wurin ya koma mahaƙar dutse. Masu kuɗi da manyan limaman coci suka riƙa aiko da amalanke ana loda duwatsu, ana gina fadoji da majami'u da su. An shafe ƙarnuka ana haka, sai a shekara ta 1749 Fafaroma Benedik na 14 ya ayyana wurin a matsayin mai alfarma, ya hana ɗiba. Wannan ne ya tsirar da abin da muke gani yau.

Ana yawan cewa baƙin maharan arewa ne suka rushe Rum. Gaskiya ne sun shigo. Alarik da mayaƙansa sun washe birnin a shekara ta 410, amma kwana uku suka yi suka fita, kuma zinariya da azurfa suka zo nema. Maharin da ke sauri ba ya tsayawa ɗaukar dutse mai nauyin tan biyar. Wanda ke da lokacin wannan aiki shi ne ɗan gari, mai son gina ɗaki ko katanga, yana ganin dutse sassaƙaƙƙe a banza a ƙofar gidansa.

Mu gangara dandalin tsohon birni, wanda ake kira Foram. Nan ne kasuwa, nan ne kotu, nan ne majalisa, nan ne wuraren bauta. Asalinsa fadama ce. Sarakunan farko suka haƙa wata babbar magudana, Kulowaka Maksima, wajen shekaru 600 kafin Miladiyya, ta janye ruwan zuwa kogi. Wani sashe na wannan magudana yana aiki har yanzu. Akwai wani ɗan kango mai rufin kwano a tsakiyar dandalin, inda aka ƙone gawar Yuliyas Ƙaisar bayan an kashe shi a shekara ta 44 kafin Miladiyya. Har gobe za ka tarar baƙi sun ajiye furanni a kan tulin ƙasar.

Inda nake so mu daɗe shi ne ƙofar nasara ta Sarki Seftimiyas Seberas, a ƙarshen dandalin. Wannan sarki ɗan Afirka ne. An haife shi a Leptis Magna, a gaɓar tekun ƙasar Libiya ta yau, ya mulki Rum daga shekara ta 193 zuwa 211. An gina ƙofar a shekara ta 203, aka rubuta sunansa da na 'ya'yansa biyu, Karakalla da Geta, da haruffan tagulla. Uban ya rasu ya bar musu sarauta su riƙe tare. Shekara ba ta zagayo ba Karakalla ya sa aka kashe ƙanensa a gaban mahaifiyarsu, sannan ya ba da umarni a goge sunan Geta daga duk inda yake a faɗin daula. To, tsaya a gaban ƙofar ka ƙirga layukan rubutun daga sama. A layi na huɗu za ka ga dutsen ya ɗan lotsa, alamar an kankare shi, kuma ƙananan hujojin da aka kafa tsofaffin haruffa a ciki ba su dace da sabon rubutun ba. Da waɗannan hujoji ne masana suka karanto sunan da aka so a ɓatar. Shekara 1,800 ke nan, kuma duk mai ja-gorar baƙi da ya zo wurin, sunan Geta yake fara kira.

Wannan dandali da ya taɓa juya duniya, daga baya ƙasa ta binne shi, ciyawa ta fito, har mutanen gari suka riƙa kiransa Filin Shanu, saboda nan ake kiwo. Kana son ka ga zurfin binnewar? Dubi ɗakin bautar Antoninas da Faustina, wanda aka mayar coci. Ƙofar cocin tana can sama a rataye, ba matakalar da ta kai gare ta, domin lokacin da aka yi ta, nan ne daidai ƙasa. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda aka yi da farin dutsen mabul. An gina tanderu a cikin kufan, ana farfasa gumaka da ginshiƙai da allunan rubutu ana ƙonawa, a samu farar ƙasa ta kwaɓin gini. Aikin da gwani ya shekara yana sassaƙawa, a dare ɗaya yake zama gari. Amma a gefe guda ga zauren majalisar dattawa a tsaye da bangonsa huɗu, saboda a shekara ta 630 an mayar da shi coci, aka samu masu share shi da masu toshe masa yoyo.

Tafiya ta yi tafiya, rana ta take, kuma zafin Roma a watan Yuli da Agusta ba wasa ba ne. Kada ka sayi ruwan gora da tsada. A kan titunan birnin akwai famfunan ƙarfe kusan 2,500 da ruwa ke zuba dare da rana, mai sanyi, mai tsabta, kyauta. Bututun ya lanƙwaso ƙasa, kuma akwai ɗan huji a samansa. Ka toshe bakin da yatsa, sai ruwan ya yi tsalle ta hujin ya shigo bakinka, ba ka bukatar moɗa.

Ruwan nan shi ne sirrin birnin tun asali. Rumawa sun gina manyan hanyoyin ruwa 11, suna jawo shi daga duwatsu masu nisa, babu inji, gangare kawai suke aunawa. Ta farko an yi ta a shekara ta 312 kafin Miladiyya. Da wannan ruwa birnin ya riƙe mutum kusan miliyan ɗaya. A shekara ta 537 mayaƙan da suka yi wa garin ƙawanya suka datse hanyoyin. Tuddai suka bushe, jama'a suka gangaro bakin kogi, kuma a wasu ƙarnukan da suka biyo baya mazauna birnin ba su wuce 30,000 ba. Hanya ɗaya ce ta jure, wadda aka gina a shekara ta 19 kafin Miladiyya, domin yawancinta a ƙarƙashin ƙasa take kuma ba a daina gyara ta ba. Ita ce ke ba da ruwa ga shahararriyar maɓulɓular Trebi da aka kammala a 1762, inda baƙi ke jefa sulalla. Kuɗin da ake kwashewa daga ciki ya haura Yuro miliyan ɗaya a shekara, kuma ƙungiyar agaji ta Caritas ake ba wa don ciyar da mabukata.

Daga Trebi, tafiyar 'yan mintoci ce ta cikin lunguna zuwa ginin da, a ganina, ya fi kowane cancantar a yi doguwar tafiya dominsa: Pantiyon. Sarki Hadriyan ne ya sake gina shi wajen shekara ta 125. A ƙofarsa akwai ginshiƙai 16, kowanne dutse guda ne ba haɗi, tsayinsa kusan mita 12, nauyinsa kusan tan 60. Daga Masar aka sassaƙo su, aka bi da su ta Kogin Nilu, aka ƙetare teku, aka hauro Tiber. Ka shiga ciki ka ɗaga kai. Ƙubba ce mai faɗin mita 43, kuma daga daɓe zuwa ƙololuwarta ma mita 43 ne daidai. Ta kankare ce, babu rodi ko ɗaya a cikinta, kuma har yau babu ƙubbar kankare marar rodi da ta kai ta girma a duniya.

Magina da ke saurarenmu za su so jin yadda aka yi. A gindin ƙubbar kaurin ya kai mita 6, aka zuba tsakuwa mai nauyi. Ana hawa ana rage kauri, ana sauya tsakuwar da mai sauƙi, har a can sama aka yi amfani da wani dutse mai huji-huji marar nauyi da ake samu a wurin dutse mai aman wuta. Kwaɓin kansa an haɗa shi da tokar irin wannan dutse da farar ƙasa. A cikin ƙubbar an yi lotsattsun murabba'ai jere-jere, sun ƙawata ta kuma sun rage mata nauyi. A tsakiya kuma, inda nauyi zai fi yin barazana, sai suka bar wurin a buɗe: taga zagayayya mai faɗin kusan mita 9, ita ce fitilar ginin. In ana ruwan sama yana shigowa, amma daɓen yana da ɗan tudu a tsakiya da ƙananan hujoji da ke shanye shi.

Me ya tsirar da shi? A shekara ta 609 sarkin Rumawan gabas, Fokas, ya ba wa Fafaroma Bonifas na 4 ginin, aka mayar da shi coci, kuma tun daga ranar ba a taɓa barin sa babu mai kula ba. Duk da haka bai tsira gaba ɗaya ba. A shekara ta 663 wani sarki ya kwashe tagullar rufinsa. Wajen 1625 kuma Fafaroma Urban na 8, ɗan gidan Barberini, ya sa aka cire tagullar da ke rumfar ƙofa aka zuba igwa da ita. Mutanen gari suka ji haushi har suka yi masa habaicin da ake maimaitawa har yau, cewa ɓarnar da maharan waje ba su yi ba, 'yan gidan Barberini sun yi ta.

Haka labarin ganuwar birnin yake. Sarki Aureliyan ya fara ta a shekara ta 271, tsawonta kusan kilomita 19, kuma mafi yawanta na nan tsaye, motoci na wucewa ta ƙofofinta. Ta daɗe ne saboda an ci gaba da dogara da ita wajen tsaro har zuwa 1870, lokacin da sojojin Italiya suka fasa ta kusa da ƙofar Piya suka karɓi birnin. Duk Bahaushen da ya tsaya a gindinta, ganuwar Kano za ta faɗo masa a rai, wadda tarihi ya nuna an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekaru 900 da suka wuce. Tamu ta ƙasa ce, ruwan sama kaɗai ya ishe ta abokin gaba, balle a ce ana ɗibar ƙasarta ana yin tubali, ana yanka ta ana kafa shago. Abin da ya sami Kolosiyam shekaru ɗaruruwa da suka wuce, shi muke gani da idonmu, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Ɗan Afirka da ke yawo a Roma zai yi ta karo da kayan gida. A dandali da dama za ka ga dogayen duwatsu masu tsini da rubutun Fir'aunoni a jikinsu. Takwas daga cikinsu daga Masar aka kwaso su. Mafi tsayi yana dandalin Lateran, mita 32, an sassaƙa shi tun zamanin Fir'auna Tutmos na 3, aka kawo shi Rum a shekara ta 357. Akwai kuma wanda ba za ka tarar ba. A 1937 sojojin Musolini sun ɗauko dogon dutsen Aksum daga Habasha suka kafa shi a Roma. Habashawa ba su daina neman kayansu ba, shekara kusan 70, har aka mayar musu da shi a 2005, a jirgin sama, gida uku, aka sake kafa shi a mazauninsa a 2008.

Ga wanda Allah ya nufa da zuwa, 'yan shawarwari. Ka sayi tikitin Kolosiyam ta intanet tun kafin ka isa, domin tikiti ɗaya ne ke shigar da kai har dandalin Foram da tudun Palatin, kuma layin masu saye a ƙofa yana cin lokaci sosai. Ka sa takalmi mai taushi, titunan na ƙananan baƙaƙen duwatsu ne masu gajiyar da ƙafa. Ka riƙe aljihunka a cikin bas da jirgi. Wuraren da suke majami'u, irin su Pantiyon, ana bukatar suturar da ta rufe kafaɗa da gwiwa, abin da ba zai yi mana wuya ba. Kada ka ɗauki ko tsakuwa, kada ka rubuta sunanka a bango. A 2023 an ɗauki hoton wani baƙo yana kankara suna a jikin Kolosiyam da mabuɗi, kuma dokar ƙasar ta tanadi tara mai nauyi har da ɗauri a kan irin wannan. In lokacin salla ya yi, akwai babban masallacin Roma a arewacin birnin, wanda aka buɗe a 1995, yana cikin mafiya girma a Turai.

In da sauran ƙarfi a ƙafarka, ka ƙarasa unguwar Testacho a kudancin birnin, kusa da inda jiragen ruwa ke sauke kaya a zamanin da. Akwai wani tudu a can mai tsayin mita 35, kewayensa kusan kilomita ɗaya, ciyawa da itatuwa sun rufe shi. Babu dutse a cikinsa, babu ƙasar asali. Tsingaro ne tun daga ƙasa har sama, fasassun tulunan man zaitun da aka ƙiyasta sun kai miliyan 53. Yawancinsu daga kudancin Sifen aka kawo su, sauran daga Libiya da Tunisiya. Tulun da ya sha mai ba ya sake amfani domin yana yin ɗoyi, sai a fasa shi, a jera gutsattsarin a tsanake, a barbaɗa farar ƙasa don kashe wari. A jikin da yawa daga cikinsu akwai rubutu da tawada: nauyin tulun, nauyin man, sunan ɗan kasuwar, da alamar jami'in da ya duba kayan. Daga wannan juji ne masana suka gano yadda ake ciyar da birni mai mutum miliyan ɗaya, wa ke kawowa, daga ina, a wace shekara. Hawa kansa sai da izini, amma a gindinsa an haƙa ɗakuna tun ƙarnukan baya don ajiya saboda sanyin da ke fitowa ta tsakanin tsingaron, kuma yau wasunsu gidajen abinci ne. Kana zaune kana cin taliya, bangon da ke bayanka tulunan ne a jere.